Cikin Mutum Nawa? Shawara ga Ɗaliban Likitanci a kan Lissafin Cuta

Wata ɗaliba 'yar aji biyar ta taɓa shigowa ofishina da daftarin furojet ɗinta a hannu, bakinta har kunne. Ta ce, "Malam, na gano abin da ke sa yaran unguwar nan gudawa. Duk yaro goma da aka kwantar mana, takwas ruwan 'yan garuwa ake sha a gidansu." Na ce madalla, sannu da ƙoƙari. Sai na ce, "To Malama, yaran unguwar da ba su yi gudawar ba, su kuma ruwan wa suke sha?" Ta buɗe baki ta rufe. Ta juya takardunta gaba da baya kamar amsar na maƙale a bayan wani shafi. Unguwar nan rabonta da ruwan famfo an manta. Mai gudawa da mai ƙoshin lafiya, kusan kowa daga jarkar ɗan garuwa yake sha. Wataƙila ruwan ne, wataƙila ba shi ba ne. Abin da ta tara dai bai isa ya raba gardama ba.

Na san yadda kuke ɗaukar wannan kwas. Idan aka ce tiyata ko ɗakin haihuwa, kowa jikinsa na rawa. Idan aka ce efidimiyoloji da lissafin lafiya, sai a fara hamma. A bari sai jarrabawa ta rage mako biyu, a haddace ƙa'idoji kamar mai haddar lambar waya, a juye wa mai ba da maki, a fito a karkaɗe riga. Ni ma haka na yi, ba zan ɓoye muku ba. Sai da na fara aiki na gane cewa kwas ɗin gaba ɗaya a kan tambaya biyu yake tsaye: cikin mutum nawa? Kuma in an gwada da su wa? Wanda ya saba da yin waɗannan tambayoyi, ƙa'idojin kan zo masa da kansu, ko ya manta harafin da littafi ya sa musu.

Bari mu yi aiki da hannu. Ku ɗauko biro.

Mu ƙaddara an yi walimar biki, mutum 100 suka halarta, da dare 40 suka kwana suna zarya tsakanin ɗaki da bayan gida. Kuka bi su ɗaya bayan ɗaya kuna tambaya. Cikin 40 ɗin da suka kamu, 36 sun ci shinkafa. Nan take dangin ango za su ce ai dama mai dafa shinkafar nan ba su yarda da ita ba. Amma kuma cikin 40 ɗin, 36 sun sha kunun aya. Adadi ɗaya ne sak. Wanne ne mai laifi? Daga bakin marasa lafiya kaɗai ba za ku taɓa sani ba. Dole ku koma wurin 60 ɗin da suka kwana lafiya, waɗanda babu mai tunawa da su domin ba su zo asibiti ba.

Ku ja layi ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, ku sami gida huɗu. A sama ku rubuta "ya kamu" da "bai kamu ba". A gefe ku rubuta "ya ci" da "bai ci ba". A ce mutum 90 ne suka ci shinkafa, 36 suka kamu: kashi 40 cikin ɗari ke nan. Goma ba su ci ba, 4 suka kamu: shi ma kashi 40. An wanke mai shinkafa, a ba ta haƙuri. Kunun aya kuwa, mutum 60 suka sha, 36 suka kamu, kashi 60. Mutum 40 ba su sha ba, 4 suka kamu, kashi 10. Ku raba 60 da 10, ku sami 6. Wannan shi ne ninkin haɗari: wanda ya sha kunun ya ninka wanda bai sha ba sau shida wajen yiwuwar kamuwa. Yanzu sai a je a tambayi mai kunun ƙarfe nawa ta haɗa shi, da wane ruwa, kuma awa nawa ya yi a cikin rumfa babu ƙanƙara.

Wannan tebur mai gida huɗu ku riƙe shi da kyau, rabin kwas ɗin a cikinsa yake. Ko tambayar jarrabawa ba ta nemi a zana shi ba, ku zana a gefen takarda kafin ku taɓa kalkuleta. Daga cikinsa ake fitar da lissafin giciye, wanda littattafanku ke kira ods reshiyo: ku ninka gidan sama na hagu da na ƙasa na dama, ku raba da ninkin sauran biyun. A walimarmu, 36 sau 36, a raba da 24 sau 4, ya ba da 13.5. Kun ga ya haura 6 nesa ba kusa ba. Haka yake yi idan cutar ta yi yawa a cikin mutanen. Sai cutar da ba kasafai ake samunta ba ne lissafin giciye ke kusantar ninkin haɗari. Ɗalibai da yawa, har da wasu manyansu, sukan karanta 13.5 su ce "haɗarin ya ninka sau goma sha uku". Kada ku shiga sahunsu.

Labarin John Snow duk kun ji shi: kwalarar Landan ta 1854, famfon titin Broad a unguwar Soho, mutum sama da 600 suka mutu, ya shawo kan hukumar unguwa aka cire hannun famfon. Ana son labarin saboda yana da daɗin faɗi. Amma ni aikin da ya fi burge ni shi ne wanda ya yi a kudancin birnin. Kamfanoni biyu ne ke sayar wa gidaje ruwa a can, sau da yawa a titi ɗaya, wannan gida na wannan kamfani, na kusa da shi na wancan. Kamfanin Lambeth ya riga ya mai da wurin ɗibar ruwansa can sama da birni, inda ƙazantar gari ba ta kai ba. Kamfanin Southwark da Vauxhall kuwa yana nan yana ɗiba daga kogin Thames a tsakiyar gari. Snow ya bi gidajen da aka yi rasuwa da ƙafarsa yana tambayar ruwan wa suke sha, sannan ya nemo yawan gidajen da kowane kamfani ke bai wa ruwa. A makonni bakwai na farkon annobar, gidaje 40,046 na Southwark da Vauxhall sun yi rashin mutum 1,263; gidaje 26,107 na Lambeth sun yi rashin 98. Wato 315 a kowane gida dubu goma, a gefe guda kuma 37. Ku lura, a lokacin ba a yarda ƙwayar cuta ce ke kawo kwalara ba, yawancin likitoci wari da gurɓatacciyar iska suke zargi; sai bayan shekara talatin aikin Robert Koch ya tabbatar da ƙwayar. Snow bai jira madubin likita ba. Ƙirge ya yi, ya raba.

Adadin ƙasa, wanda ake rabawa da shi, nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Sabbin kamu, wato insidens, mutanen da cutar ta kama a cikin wani lokaci ne, a raba da waɗanda za ta iya kamawa. Masu ɗauke da cuta, wato firibalens, duk wanda ke da ita ne a yau, sabo da tsoho. Ku ɗauke shi kamar randa: ruwan da ake zubawa shi ne sabbin kamu, wanda ke cikin randar shi ne masu ɗauke da ita, kuma ruwa na fita ta hanya biyu, warkewa ko mutuwa. Shi ya sa idan maganin ƙanjamau ya wadata mutane suka daina mutuwa, yawan masu ɗauke da cutar kan iya hauhawa alhali sabbin kamu na raguwa. Wanda bai gane wannan ba sai ya ga labari mai daɗi ya ɗora hannu a ka.

Kuma kowane adadi da nasa abin rabawar. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya ba da mutuwar mata masu juna biyu 512, amma a cikin haihuwa 100,000 da aka haifi ɗa da rai, ba a cikin mata 100,000 ba. Mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma 132 ce a cikin haihuwa 1,000. Da Ebola ta shigo Legas a ranar 20 ga Yuli 2014, mutum 20 ta kama, 8 suka rasu, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh wadda ta hana mai cutar na farko fita daga asibiti. Takwas cikin ashirin, kashi 40: wannan kisan cuta ne a cikin waɗanda ta kama, yana gaya muku zafinta, ba ya gaya muku yawanta a gari. Abin da ya kashe wutar kuwa aikin ƙafa ne: an bi sawun mutum 894 da suka yi hulɗa da masu cutar, ana auna zafin jikinsu kullum har kwana 21, kuma a ranar 20 ga Oktoba aka ayyana ƙasar ta rabu da ita.

Sai gargaɗi na musamman gare ku, tunda a asibitin koyarwa kuka tashi. Rajistar asibiti ba hoton gari ba ce. Wanda ya iso gadonku ya tsallake shingaye da yawa: ya sami kuɗin mota, mai gida ya ba da izini, an gwada kemis da mai magani abin ya gagara, ƙaramin asibiti ya turo shi, bai cika a hanya ba. Idan kuka ce kashi kaza na matan da suka haihu a asibitinku sun yi jijjiga, kun faɗi gaskiya a kan asibitinku. A yankin da yawancin mata a gida suke haihuwa, sai abin ya ɓaci ake kawo su, wannan adadi ba na matan garin ba ne.

Idan kuna son ganin wannan ilimi yana aiki a ƙasarmu, ku karanta abin da ya faru a Zamfara a 2010. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke sa ido kan sanƙarau suka sami labarin yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum. Yaro ya yi amai, ya shiga jijjiga, ya suma, ya tafi. A wannan yanki, a wannan lokaci na zafi, duk likitan da aka nuna wa yaro ɗaya zai ce maleriya ce ta hau kai ko sanƙarau, kuma ba za a ga laifinsa ba. An ba da magungunan, ba su yi ba. Sai aka koma ga tambayoyi uku na farkon littafi: su wa, a ina, yaushe? Ƙananan yara ne. A wasu ƙauyuka ne, maƙwabtansu lafiya lau. Kuma abin ya taso ne bayan da haƙar zinariya ta kankama, aka riƙa kawo duwatsun cikin gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin, ana shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Dutsen cike yake da dalma. Masu binciken da suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu sun ƙirga yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 daga cikinsu sun rasu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu. Jimillar yaran da aka rasa a annobar ta kai wajen 400. Maganin kuma bai tsaya a kan ƙwayar da ke fitar da dalma daga jini ba. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, domin yaron da aka yi wa magani ya koma tsakar gidan nan, an yi ba a yi ba ke nan. Likitan da ke kallon gado ɗaya ba zai ga wannan ba. Wanda ya tsaya ya ce "yaya aka yi yaran ƙauye kaza suka cika mana ɗaki a watan nan?" shi ne zai gani.

Nau'o'in bincike ba sai na daɗe a kansu ba, littafi ya yi bayani. Akwai na ɗaukar hoto, a shiga gari rana ɗaya a auna kowa. Yana da sauƙi, shi ya sa kusan duk furojet ɗinku shi ne, amma ba ya faɗin wanne ya riga wanne. Akwai na waiwaye, a ɗauki masu cuta da marasa ita a tambayi abin da ya wuce. Akwai na bin sawu, a ɗauki masu lafiya a bi su shekaru a ga wa zai kamu. Sai gwajin ƙuri'a, inda ƙuri'a ce ke raba wa zai sha magani wa zai sha na gwadawa.

Richard Doll da Bradford Hill sun yi na waiwaye a 1950. Cikin maza 649 masu sankarar huhu, mutum 2 kacal ne ba sa shan taba. Kafin ku yi tafi, ku tambayi abin da na tambayi ɗalibata. Cikin maza 649 marasa sankarar, 27 ne ba sa sha. Wato a Ingila ta wancan zamani kusan kowane namiji na busawa, kuma duk hujjar tana cikin tazarar da ke tsakanin 2 da 27. Ku sa su a gida huɗu, ku yi lissafin giciye, za ku sami wajen 14. Da aka yi ta musu, sai a 1951 suka fara bin sawun likitocin Birtaniya su kansu, maza sama da 34,000, aka bi su shekara hamsin. Sakamakon 2004 ya nuna mai shan taba na rasa kimanin shekara goma na rayuwarsa.

Babban abokin gabanku a duk binciken da ba na ƙuri'a ba shi ne ɗan kutse: abu na uku da ke tafe da wanda kuke zargi, alhali shi ne mai aika-aikar. Masu yawo da ashana a aljihu sun fi kamuwa da sankarar huhu, amma ashana ba ta yi komai ba. Wannan misali kowa na dariyarsa. Ga wanda ba na dariya ba: shekaru da dama bincike na bin sawu yana nuna matan da ke shan maganin sinadarin mata bayan ɗaukewar al'ada ba su cika ciwon zuciya ba, likitoci suka yi ta rubuta shi. Da aka yi gwajin ƙuri'a a Amurka da mata sama da 16,000, sai aka dakatar da shi a 2002, domin maganin bai kare zuciya ba, ya ma ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, daskarewar jini da sankarar mama. Ɗaya daga cikin dalilan ruɗanin shi ne matan da ke shan maganin tun asali sun fi wadata, sun fi zuwa asibiti, sun fi kula da kansu. A wurinmu ɗan kutsen da ya fi kowa naci shi ne talauci da karatun uwa. Duk abin da kuka gano yana tafiya da lafiyar yaro, gidan sauro ne, madarar gwangwani ce, haihuwa a asibiti ce, ku fara tambayar kanku ko aljihun mai gida ne kuke aunawa ba ku sani ba.

Af, kada ku ɗauka irin wannan aiki sai Turai. A Garki, da ke Jihar Jigawa a yau, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da ɗaya daga cikin manyan binciken maleriya da aka taɓa yi, daga 1969 zuwa 1976. An fara da auna yadda cutar take kafin a taɓa komai, sannan aka yi feshi a wasu ƙauyuka, wasu aka haɗa musu da rabon magani, wasu aka bar su don gwadawa. Cutar ta ragu ƙwarai, amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, kuma da aka daina ta dawo. Har yau masu lissafin maleriya na komawa ga alƙaluman Garki. Ɗalibi nawa ne a cikinku ya taɓa jin sunan aikin?

Yanzu ga ɓangaren da za ku yi amfani da shi kowace rana ta Allah, ko da ba ku taɓa yin bincike ba: gwaje-gwajen ɗakin awo. Kowane gwaji na da ƙarfin kamawa, wato cikin masu cutar nawa yake ganowa, da ƙarfin wankewa, wato cikin marasa cutar nawa yake sallama. Amma mara lafiyar da ke zaune gabanku ba wannan ce tambayarsa ba. Shi cewa yake, "Likita, tunda takarda ta nuna, ina da ita ke nan?" Amsar ta dogara ga yawan cutar a cikin irin mutanen da ya fito daga cikinsu.

Mu gwada. Binciken ƙanjamau na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ita a Najeriya. A ce kuna da gwaji mai kamawa kashi 99, mai wankewa kashi 99, kuka auna mutum 10,000 da suka zo gwajin kafin aure. Masu cutar 140 ne, gwajin zai kama 139. Marasa ita 9,860 ne, gwajin zai yi wa kashi ɗaya ƙazafi, wato mutum 99. Waɗanda takarda ta nuna suna da ita sun zama 238, na gaskiya 139 ne kawai, kashi 58. Kusan mutum huɗu cikin goma an ɗaga musu hankali a banza, da gwajin da ake yi wa kirari da kashi 99. Wannan ne dalilin da ba a faɗa wa mutum sakamako da tsinke ɗaya, sai an maimaita da wani iri daban. Ku tuna a irin wannan takarda ake fasa aure. Gwajin nan dai, idan a ɗakin masu tarin fuka kuka yi shi, inda cutar ta fi yawa, sakamakonsa ya fi abin yarda nesa. Gwaji bai canza ba, mutanen ne suka canza.

Da wannan idon ku dubi gwajin Widal, wanda ya sa rabin gari ke yawo da "maleriya da taifot". A inda mutane suka saba haɗuwa da ƙwayar tun suna yara, jinin mai lafiya ma kan nuna alama, wasu zazzaɓin daban ma kan ɗaga shi. A yi shi sau ɗaya ga duk mai ciwon kai, sai a tara ƙazafi buhu-buhu, a bi su da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ba sa bukata. Ni a ganina likitan da ya fahimci gida huɗu ba zai rubuta Widal kan mai uwa da wabi ba.

Haka idan ɗan tallan magani ya zo da 'yar takardarsa mai sheƙi ya ce maganinsu na rage haɗari da rabi. Rabin me? Daga 20 cikin ɗari zuwa 10, ku ba mutum goma magani ku ceci ɗaya. Daga 2 cikin dubu zuwa 1, sai kun ba mutum dubu. Duka biyun "rabi" ne, amma ga wanda zai sayar da akuya ya sayi maganin, ba ɗaya ba ne.

Sai ƙimar p, wadda ɗalibai ke yi wa kallon alƙali. Ma'anarta ɗaya ce: in da a gaskiya babu wani bambanci, sau nawa sa'a kaɗai za ta ba da bambanci mai girman wanda na gani ko fiye? Idan ta yi ƙasa da 0.05, ana cewa da wuya faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Iyakarta ke nan. Ba ta ce bambancin na da girma ba, ba ta ce yana da amfani ga mara lafiya ba, ba ta kuma kore ɗan kutse ba. Shi kansa 0.05 ɗin al'ada ce da ta samo asali daga rubuce-rubucen Ronald Fisher na wajen 1925, ba wahayi ba ne. Kuma idan kuka gwada abu ashirin da ba su da wata alaƙa da cutar, yiwuwar aƙalla ɗaya ya faɗo ƙasa da 0.05 ta kai kashi 64. Don haka ɗalibin da ya haɗa shekaru, ƙabila, sana'a, yawan mata, irin rufin ɗaki da sauransu, ya yi ta dannawa har wani ya fito, ya rubuta babi guda a kansa, kamun kifi ya yi a kwata. Na fi son ku ba ni tazarar amincewa. Ninkin haɗarin kunun ayarmu 6 ne, tazararsa ta kashi 95 kuwa daga 2 da 'yan kai zuwa 15 da 'yan kai. Ba ta taɓa 1 ba, saboda haka akwai magana. Tana da faɗi, saboda mutanen ba su da yawa. Kun sami labari biyu a layi ɗaya.

Matsakaici ma a yi hattara da shi. Marasa lafiya biyar sun kwana 2, 3, 3, 4 da 48 a asibiti. Ku tara ku raba, ku sami kwana 12, alhali babu wanda ya yi kusa da haka. Ku jera su ku ɗauki na tsakiya, ku sami 3. Kwanakin jinya, kuɗin shiga, lokacin da aka ɓata kafin zuwa asibiti, duk irin wannan jela gare su. Na tsakiyar layi ya fi faɗin gaskiya.

Game da furojet, na gaji da ganin 384 a matsayin yawan mutanen da za a tambaya. Na san inda take fitowa: 1.96 sau kanta, sau rabi, sau rabi, a raba da 0.05 sau kanta. Ƙa'idar daidai ce, amma an yi ta ne don kimanta kashi ɗaya a cikin jama'a, ba don gwada rukuni biyu ba, kuma da sharaɗin an zaɓi mutanen da ƙuri'a. Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya soka ƙarfe ta gefe da ta ƙasa, domin ya san inda ake ɗora mai kyau. Ɗalibin da ya tsaya a ƙofar asibiti ya tare duk wanda ya yi masa murmushi har ya cika 384, bakin buhu ya ɗiba, kuma ko ya kai dubu uku karkatar na nan.

Takardar tambayoyinku da Turanci kuka rubuta, da Hausa za ku yi ta. Ku zauna ku fassara ta a rubuce tun kafin fita, ku ba wani ya mai da ita Turanci ku ga ko ma'anar ta tsira, in ba haka ba kowane mai tambaya zai yi tasa fassarar a zaure. "Zazzaɓi" a bakin uwa ya fi abin da ma'aunin zafi ke nufi faɗi. Idan kuka ce "'ya'yanki nawa?" wata za ta ƙirga rayayyu kaɗai, wata ta haɗa da na riƙo, wata ta tsallake ɗan fari don kunya, ku tambayi haihuwa nawa, nawa ke raye, nawa suka rasu, ɗaya bayan ɗaya, da tausasa murya. Shekaru kuwa, za ku ga sun taru a 30, 35 da 40, sai ku nemi abin tunawa, kamar wa ke mulki lokacin aurenta. Ku fara gaida mai unguwa kafin ku shiga kowane gida, ku nemi yardar mai amsawa da harshen da take ji, ku gaya mata tana da ikon cewa a'a kuma ba za a hana ta magani ba.

Idan kun dawo, ku shigar da bayanan a ranar, mutum ɗaya layi ɗaya, tambaya ɗaya ginshiƙi ɗaya. Manhajar Epi Info kyauta ce, R ma kyauta ce, ba sai kun nemi SPSS na sata ba. Inda ba a amsa ba ku bar shi fanko, kada ku sa sifili, don kwamfuta za ta ɗauka matar ba ta taɓa haihuwa ba. Kafin kowane gwaji, ku sa ta jero muku kowane ginshiƙi daga ƙarami zuwa babba, ku bi da ido. A nan ne za ku tsinci jariri mai kilo 32 da namiji mai cikin wata bakwai, ku koma takarda ku gyara. Kuma ku ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya ba a cikin wayar da kuke shiga kasuwa da ita ba.